Wa Zai Iya Cin Zaɓe? Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙuri'ar Jin Ra'ayi Kafin Fidda Gwani

Da zarar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ya gabato, sai wayoyi su cika da alƙaluma: wane yana da kashi kaza, wane ne kaɗai zai iya kayar da jam'iyya mai mulki, wane kuwa ko an ba shi tuta asara ce. A majalisun hira daga Mabera zuwa Runjin Sambo, da wurin masu shayi a bakin Babbar Kasuwa, za ka ji ana kafa hujja da waɗannan alƙaluma kamar an riga an ƙirga ƙuri'u. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mece ce ƙuri'ar jin ra'ayi, kuma wace iri ce ake yi kafin fidda gwani?

Tambayar wasu mutane ƙalilan ce da aka zaɓo bisa tsari, don a kintaci abin da jama'a baki ɗaya ke tunani. Kafin fidda gwani akan yi tambaya iri biyu, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko ita ce: a cikin masu neman tutar jam'iyya, wa ka fi so? Ta biyu kuwa haɗa kokawa ce ta zato: da a ce yau ne babban zaɓe, wane ne ɗan takarar wannan jam'iyya, wane ne na waccan, wa za ka zaɓa? Sai a cire suna a sa wani, a sake tambaya, har a zagaye masu neman takarar. Wanda ya fi samun rata a kan abokin hamayya shi ake cewa ya fi iya cin zaɓe.

Akwai ta uku wadda ta fi su rauni: "wa kake ganin zai ci?" A nan ba ra'ayin mutum aka tambaya ba, hasashensa kan maƙwabtansa aka tambaya. Amsarsa takan zama abin da ya ji a rediyo jiya.

Ta yaya mutum dubu ɗaya ko biyu za su faɗi ra'ayin miliyoyi?

Mai sayen gero a kasuwar Achida ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Hannu yake turawa, ya ɗebo daga sama, ya ɗebo daga tsakiya, ya murza. Idan geron a gauraye yake, damƙa guda ta isa. Idan kuwa an zuba mai kyau a baki an bar mai tsakuwa a ƙasa, ko kwano goma ya ɗiba daga bakin buhun, an cuce shi. Don haka yadda aka ɗebo mutanen ya fi yawansu muhimmanci.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo da amsa, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Sunayen da ta yi amfani da su ta samo su ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da masu sayen mujallar, wato masu hannu da shuni, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da nata amma ya yi ƙoƙarin taɓo kowane rukuni, shi ya faɗi wanda zai ci daidai.

Mene ne "kashi 3 sama ko ƙasa" da ake rubutawa a gindin sakamakon?

Gibin kuskure ke nan, kuma lissafi ne sananne. Idan an tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo bisa ƙa'ida, kuskuren kan kai kashi 3 cikin 100 ta kowane ɓangare. Mutum 400, kashi 5. Mutum 100, kashi 10. Saboda haka idan an ce wane yana da 41, wane 39, ba a gano wanda ke gaba ba, kunnen doki ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, idan binciken ƙasa baki ɗaya ya tambayi mutum 2,000 a jihohi 36 da Abuja, rabon Sakkwato ba zai wuce 'yan gomomi ba. Duk wanda ya ciro wannan ɗan rabo ya ce "ga yadda Sakkwato za ta yi", ya ɗora wa alƙaluman kayan da ba za su iya ɗauka ba. Kuma jiharmu ba wurin da ake raba gardama da babbar rata ba ce. A 2019 ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu a zaɓen gwamna, shi ma sai da aka je zagaye na ƙarasawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Atiku Abubakar ya samu 288,679 a jihar, Bola Tinubu ya samu 285,444. Babu ƙuri'ar jin ra'ayi a duniya da za ta iya hango irin wannan rata.

To me ya faru a 2023, da aka yi ta cewa Peter Obi ne kan gaba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin a nan ne mutane da yawa suka yanke ƙauna da bincike gaba ɗaya.

A watan Satumban 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da binciken da kamfanin NOI Polls ya yi mata ta wayar tarho. Obi ya samu kashi 21, Tinubu 13, Atiku 13, Rabi'u Musa Kwankwaso 3. Kanun labarai suka ɗauki wannan suka ruga. Amma a cikin takarda ɗayan, kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Haɗa su, kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan. Binciken da rabin mutanensa suka yi gum bai faɗi wanda zai ci ba. Abin da ya faɗa shi ne magoya bayan wa suka fi ɗokin bayyana kansu.

Mu kuma mun san halinmu. Baƙuwar lamba ta kira dattijo a Gwadabawa, murya ta ce tana so ta ji wa zai zaɓa. Me zai ce? "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ya kashe wayarsa. Ba don ba shi da gwani ba, yana da shi, kuma ranar zaɓe da sassafe zai kama layi. A takardar mai bincike kuwa ya shiga sahun waɗanda suka ƙi amsawa.

Na biyu shi ne fitowa. Masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairun 2023 ba su kai kashi 27 cikin 100 ba. Ga ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a makonnin nan, ga wahalar man fetur. A irin wannan yanayi jam'iyyar da ke da mutane a kowace mazaɓa, masu ƙwanƙwasa ƙofa da kawo mota, ita ke da riba. Kamfanin Stears ya ma faɗi haka kafin zaɓen: idan jama'a sun fito da yawa Obi ne, idan fitowar ta yi ƙaranci Tinubu ne. Sakamakon da INEC ta bayyana ya ba Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Atiku da Obi sun ƙalubalanci sakamakon har Kotun Ƙoli, kotun ta tabbatar da shi.

A ganina ba adalci ba ne a ce binciken bai hango komai ba. Ya hango cewa ɗan takara na uku ya yi ƙarfin da 'yan siyasa da yawa suka raina, har ya ci Legas da Abuja. Abin da bai hango ba shi ne masu shiru da masu zama a gida.

Ni ba a taɓa tambayata ba, ban kuma san wanda aka tambaya ba. Ana jin muryar irinmu kuwa?

Rashin kiranka ba shi ne matsalar ba, tunda mutum dubu biyu cikin miliyoyi ake nema. Matsalar ita ce ko irinka suna da damar shiga ciki tun farko.

Yawancin waɗannan bincike ta waya ake yinsu, wasu ma ta manhajar babbar waya. Wa ke riƙe da babbar waya da data? Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da ita, ma'aikacin sakatariya yana da ita. Matar aure a ƙauyen Tangaza ko Gudu, wadda wayar gidan ke aljihun maigida, fa? Alhali duk wanda ya taɓa tsayawa rumfar zaɓe a karkararmu ya ga tsawon layin mata. Sannan ga gabashin jihar, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda ta'asar 'yan bindiga ta raba mutane da garuruwansu. A watan Satumban 2021 an ma toshe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Wanda ke gudun hijira a wata makaranta, wayarsa ba caji, ba zai shiga lissafin mai kira daga Abuja ba, ga shi kuwa shi ya fi kowa abin faɗa kan wanda ya kamata ya mulki ƙasa.

Masu bincike na ƙwarai suna ƙoƙarin gyara wannan. Sukan yi tambaya da Hausa, su tura ma'aikata gida-gida, su sa mata su tambayi mata, sannan su daidaita lissafi ta yadda rukunin da ya yi ƙaranci zai samu nauyinsa. A nan ma akwai cikas, domin ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, kuma da ita ake auna nauyin kowane rukuni.

Idan deliget ne ke fidda gwani, ina amfanin jin ra'ayin jama'a?

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓa, ko zaɓen deliget, ko masalaha. A 2022 manyan jam'iyyun biyu da deliget suka yi. A taron PDP a Abuja, Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. A taron APC a dandalin Eagle Square, Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Mutanen da suka yanke waɗannan hukunci, idan aka haɗa jam'iyyun biyu, ba su kai mutanen unguwa ɗaya a cikin garin Sakkwato ba. Kuma deliget yana sauraron gwamnansa da jagoransa fiye da yadda yake sauraron alƙaluma. Janyewar mutum ɗaya cikin minti biyar ta sauya lissafin da aka yi watanni ana yi.

Duk da haka binciken yana aiki, sai dai ba inda ake zato ba. Makami ne a ɗakin shawara. Da shi mai neman takara ke zuwa gaban gwamnoni da masu kuɗi ya ce "ni ne zan kai labari". Da shi ake lallashin wani ya janye. Shi ya sa ake fitar da irin waɗannan alƙaluma daf da taron jam'iyya.

Wanda binciken ya nuna ya fi ƙarfi kafin fidda gwani, shi ne zai fi ƙarfi a babban zaɓe?

Ba dole ba ne, kuma dalilan a fili suke.

Watanni kafin zaɓe, abin da binciken ya fi aunawa shi ne sanin suna. Wanda ya daɗe a fage zai fito gaba ko da mutane sun gaji da shi, sabon shiga kuma zai zo ƙasa don ba a san shi ba tukuna. Akwai kuma akasin haka: wanda ba a fara jifansa ba yakan yi kyau a takarda. A Amurka a 2016 bincike da dama sun nuna Bernie Sanders ya fi Hillary Clinton rata a kan Donald Trump, a 2024 kuma wasu sun nuna Nikki Haley ta fi Trump rata a kan Joe Biden. Sanders da Haley dukansu ba su samu tutar jam'iyyunsu ba, don haka ba wanda zai iya cewa ga yadda za ta kaya da abokan hamayya sun juyo kansu gadan-gadan. Wanda ya samu tutar kuwa an ga yadda rata ke narkewa: a watan Yulin 1988 binciken Gallup ya ba Michael Dukakis ratar kashi 17 a kan George Bush babba, a Nuwamba Bush ya ci jihohi 40. Shi kansa Trump a 2016 manyan jam'iyyarsa da yawa sun yi ta cewa ba zai ciwu ba.

Ba sai mun je nesa ba. Muhammadu Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, har aka yi masa tambarin mai jama'a a Arewa kaɗai. Ba halinsa ne ya sauya ba, haɗakar 2013 da ta haifi APC ce ta kawo masa Kudu maso Yamma. A Disamban 2014 ya ci fidda gwani a Legas da ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, waɗanda suka faɗi suka zauna a jam'iyya, ya kayar da shugaba mai ci a 2015.

Wannan zaman na waɗanda suka faɗi shi ne abin da babu binciken da ke iya aunawa. A 2022 Kwankwaso ya bar PDP ya koma NNPP, Obi ya fita kwanaki kaɗan kafin taron jam'iyyar ya koma Labour, Wike da wasu gwamnonin PDP huɗu suka juya wa ɗan takararsu Atiku baya. Haɗa ƙuri'un Atiku da Obi da Kwankwaso, sun haura miliyan 14, wanda ya ci kuwa bai kai miliyan 9 ba. Tambayar "wane ko wane" da aka yi a farkon 2022 ta auna kokawar mutum biyu, aka wayi gari mutum huɗu ne a fage. Ƙarfin ɗan takara bai tsaya a kansa ba, ya haɗa da mataimakin da zai ɗauka, da wanda zai fusata, da wanda zai yi masa zagon ƙasa.

Ashe ba wanda ya fi yawan ƙuri'a ne ke ci ba?

Sai ya haɗa da sharaɗi na biyu. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Mu a nan mun san nauyin wannan sharaɗi tun 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuma ya tsaya ƙasa da haka, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar "sha biyu da biyu bisa uku". Binciken da ya ba ka jimilla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, bai nuna yadda goyon bayan ya bazu a shiyyoyi ba, ya amsa rabin tambaya ne. Mutum na iya tara miliyoyi a jihohi goma ya kasa cika sharaɗin. A Amurka ma haka, ta wata fuskar: Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 a 2016, amma shi ya samu rinjayen wakilan jihohi.

Ƙuri'ar da ake yi a Facebook ko X, ko ta kiran waya a rediyo fa?

Wannan ba bincike ba ne. Wanda ya ga dama ne ke shiga, mutum ɗaya kan shiga da shafi biyar, sojojin baka kuma suna kiran junansu. Tana nuna wa ya fi zafin magoya baya a intanet, shi ke nan.

Ta yaya zan gane binciken gaske da na haya?

Fara da wanda ya biya kuɗin. Ba laifi ba ne ɗan takara ya sa a yi masa bincike, yawancinsu suna yi don su san inda suke da rauni. Sai dai wanda bai yi masa daɗi ba yana cikin durowa, wanda ya yi daɗi ne ke isowa wayarka. Idan ba a faɗi wanda ya ɗauki nauyi ba, wannan kaɗai ya isa ka ja baya.

Sai ka nemi sauran: mutum nawa aka tambaya, a waɗanne ranaku, ta waya ko ido da ido, da wane harshe, masu katin zaɓe ne ko kowa da kowa, kuma nawa ne suka ce ba su yanke shawara ba. Wata dabara da ake yawan yi ita ce a zubar da masu shirun a sake raba kashi tsakanin waɗanda suka amsa, sai 21 ta koma kusan 40. Duba kuma yadda aka tsara tambayar. "Wa za ka zaɓa?" daban take da "za ka zaɓi wane, wanda ya gina hanyoyi da asibitoci?" Ta biyun talla ce aka sa mata rigar tambaya. Kamfanin da ke aiki shekara da shekara, yana bincike kan lafiya da tsadar abinci da wutar lantarki, yana da sunan da yake karewa. Wanda ya ɓullo wata biyu kafin taron jam'iyya, ba ofis ba tarihi, ba shi da abin asara.

In goyi bayan wanda nake ganin ya cancanta, ko wanda aka ce shi zai iya ci?

Wannan ce ta fi damuna. Tunanin wa zai iya ci ba aibu ba ne, jam'iyya ba ta shiga zaɓe don ta faɗi. 'Yan Democrat a Amurka sun yi wannan lissafi a 2020: a zaɓen fidda gwani Biden ya zo na huɗu a jihar Iowa, na biyar a New Hampshire, amma suka dawo gare shi don suna ganin shi zai iya kayar da Trump, kuma ya kayar. A 2004 sun yi irin lissafin da John Kerry, bai kai ba.

Abin tsoron shi ne yadda maganar ke cika kanta da kanta. A ce wane ba zai ci ba, masu kuɗi su janye, deliget su watse, kai ma da kake sonsa ka ce kada ka yi asarar ƙuri'a. Ya faɗi, sai a ce ai dama an faɗa. Ta haka ake rufe ƙofa ga mata da matasa da duk wanda ba shi da uban gida, tun kafin a ji abin da ke bakinsu. A 1993 masu lissafi da yawa ba za su ba tikitin Musulmi biyu na MKO Abiola da Babagana Kingibe dama ba, ga shi Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, jihar shi Tofan.

Shawarata ga deliget da mai katin jam'iyya ita ce ya sa alƙaluman a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Ya tambayi abin da mutumin ya yi a kujerar da ya riƙe, da abin da ya tanada wa manomin da ya kasa zuwa gonarsa a Sabon Birni. Idan mutum biyu sun yi kusa a cancanta, to a nan ne ya dace a duba wa ya fi karɓuwa a sauran shiyyoyi.

An kira ni a waya ana tambayar ra'ayina. In amsa?

Idan ka natsu da mai kiran, amsa, kuma ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, domin shirunmu na daga cikin abin da ke karkatar da sakamakon. Ka fara tambayarsa sunan kamfaninsu da wanda suke yi wa aiki. Mai binciken gaske zai tambayi shekarunka, da ƙaramar hukumarka, da sana'arka, da ko kana da katin zaɓe. Ba zai nemi lambar BVN ko NIN ba, ba zai nemi lambar da ke jikin katin zaɓenka ba, ba zai ce ka karanto masa lambobin da aka turo maka ta saƙo ba, ba kuma zai yi maka alkawarin kuɗi idan ka ambaci wani suna ba. Da ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, kashe wayarka, ka kuma gargaɗi mutanen gida, musamman iyaye mata da tsofaffi.